Takarda ta maƙale a layin firinta, ta ƙi fita kuma ta ƙi goguwa

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza min. Ina da ɗan shagon taifin da fotokwafi da firintin. Laftof nake amfani da ita, Windows 10, firintar kuma laser ce ta baƙi da fari, da kebul ɗin USB take haɗe. Ɗazu ina cikin fitar wa wani ɗalibi furojet ɗinsa aka ɗauke wuta. Da muka tayar da inji sai na tarar takardar tana nan a layi, wato jerin ayyukan da ke jiran a buga, an rubuta mata Error - Printing. Na danna Cancel, ta koma Deleting, kuma tun lokacin a haka take. Duk abin da na tura bayanta sai ya je ya tsaya a ƙarƙashinta. Na kashe firintar na kunna, babu canji. Yaron da ke yi mana gyara ya ce in kawo kwamfutar a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows. Ni kuwa aikin mutane ne cike a ciki, ga masu fitar da silif ɗin JAMB sun cika min benci. Ina mafita?

Sadauki_99:
Wa alaikumus salam. Kashe laftof ɗin ki sake kunnawa, shi ke nan.

Maman_Ilham:
Na yi, ɗan'uwa. Tana dawowa na same ta a inda na bar ta.

Injiniya_Bala:
Hajiya, kada ki kai ta ko'ina, kuma kada ki yarda a yi fomatin a kan wannan. Gyaran minti biyu ne.

Ga abin da ke faruwa. Idan kin danna Print, takardar ba firinta take zuwa kai tsaye ba. Akwai wata manhaja a cikin Windows da ake kira Print Spooler, ita ke karɓar aikin ta ajiye shi a wata folda, sannan ta riƙa miƙa wa firinta kaɗan-kaɗan. Lokacin da wuta ta ɗauke, laftof ɗinki tana da batir ba ta mutu ba, firintar ce ta mutu a tsakiyar karɓa. Ita Spooler tana nan riƙe da fayil ɗin tana jiran amsar da ba za ta zo ba. Shi ya sa Cancel bai yi aiki ba, ba a iya goge fayil ɗin da ake riƙe da shi.

Ki yi haka. Kashe firintar ki cire kebul ɗin. Danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta services.msc ki danna Enter. Nemo Print Spooler a jerin, ki danna mata dama ki zaɓi Stop. Ki bar wannan tagar a buɗe. Sai ki shiga wannan wurin:

C:\Windows\System32\spool\PRINTERS

Zai nemi izini, ki danna Continue. Duk abin da kika gani a ciki ki goge. Ki koma Print Spooler ki danna Start, sannan ki mayar da kebul ki kunna firintar.

Abu_Hanif:
Ƙari a kan maganar Injiniya: abin da ke CIKIN foldar PRINTERS za ki goge, ba ita foldar ba. Kuma a gefenta akwai wata mai suna drivers, inda direbobi suke, wato manhajojin da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta, kada hannunki ya kai can. Na ga wanda ya share spool gaba ɗaya, daga matsalar takarda ɗaya ya koma ba shi da firinta ko ɗaya a kwamfutar.

Sadauki_99:
To ai ni na ɗauka kashewa da kunnawa na share komai.

Injiniya_Bala:
@Sadauki_99 ba ya sharewa, saboda dalili biyu. Na farko, fayilolin a kan hard disk suke, wato ma'ajiyar dindindin ta kwamfuta, ba a memori ba, don haka ko ka kashe suna nan, Spooler na tashi za ta sake ɗaukarsu. Na biyu, a Windows 10 da 11 idan ka danna Shut down ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba matuƙar Fast Startup na kunne. Tana adana halin da take ciki ne don ta yi saurin tashi. Restart ne ke tayar da komai daga farko. Mutane da yawa sun ɗauka Shut down ya fi Restart ƙarfi, alhali a nan akasin haka ne.

Maman_Ilham:
Alhamdu lillahi! Injiniya Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na tarar da fayiloli guda-guda, wasu ƙarshensu SHD wasu SPL. Na goge, layin ya zama wayam, na fitar wa mutum uku silif ɗinsu.

Injiniya_Bala:
Amin Hajiya. Kowane aiki biyu yake haifarwa. SPL shi ne ainihin abin da za a buga, SHD kuma ɗan ƙarami ne, bayanin aikin ne a ciki: wa ya tura, wace firinta, da sauransu.

Dan_Zinder:
Sannunku da aiki. Mu nan Damagaram kwamfutocinmu yawanci da Faransanci suke, wanda zai nemi Print Spooler a jerin ba zai gan ta ba. Sunanta Spouleur d'impression. Amma akwai hanyar da babu ruwanta da harshe. A buɗe cmd, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a matsayin administrateur, wato admin, a rubuta layukan nan ɗaya bayan ɗaya:

net stop spooler
del /Q /F %systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*.*
net start spooler

Ni a Notepad na rubuta su na adana da suna gyara.bat a kan allo. In ta maƙale, yaran shago su danna dama su buɗe shi da izinin admin, ba sai sun kira ni ba.

Kawu_Tanko:
Wannan yaron da ya ce a yi fomatin, a bincike shi. Haka suke yi. Kowace cuta maganinta fomatin, don a karɓi kuɗin Windows, a karɓi na Office, a karɓi na direban firinta. Ni shekaruna a harkar nan sun fi na wasunsu a duniya, ban taɓa ganin inda layin firinta ya sa aka sauke Windows ba.

Mai_Gyara_Zariya:
Kawu a yi mana adalci. Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Wani ba cuta ce ta sa shi ba, iyakar abin da ogansa ya koya masa ke nan. Kuma ku masu shaguna ku ma kuna da naku. Kowane kwastoma ya zo da filashinsa a soka, babu antibairos, kwamfuta ta cika da shortcut virus, Windows ɗin ma ba a san inda aka samo shi ba. Idan aka kawo mana irin wannan, wallahi wani lokacin sauke ta ya fi sauƙi a kan bin ta ɗaya bayan ɗaya.

Kawu_Tanko:
Wannan daban. Ita ta ce maka bairos ne? Takarda ce ta maƙale.

Maman_Ilham:
Jama'a ta dawo fa. Na sake tura furojet ɗin yaron nan, ya fitar da shafi goma sha ɗaya ya tsaya. Yanzu Printing kawai aka rubuta, fitilar firintar tana ƙiftawa, babu abin da ke fitowa. Wuta kuma ba a ɗauke ba, a kan inji muke.

Abu_Hanif:
To yanzu aka zo wurin. Goge layi share fage ne kawai, bai taɓa abin da ya sa ta tsaya ba. Hajiya, ki duba layin, a gaban sunan takardar akwai inda aka rubuta Size. Nawa ya nuna? Kuma Word ce ko PDF?

Maman_Ilham:
PDF ce, ta WhatsApp ya turo min. Shi fayil ɗin bai kai 9 MB ba, amma a layin ina ganin 14 MB / 380 MB.

Abu_Hanif:
Ga ɓarawon nan. Ina kyautata zaton daga shafi na sha biyu akwai hotuna ko taswira ko shafukan da aka ɗauka da kyamarar waya. PDF a matse yake, idan za a buga sai an warware shi, shi ya sa kika ga ya kumbura haka. Ƙananan firintocin laser na shago memorinsu kaɗan ne, kuma da yawansu kwamfuta ce ke yi musu duk lissafin shafin ta tura musu a shirye. Ki share layin kamar ɗazu, sannan ki riƙa turawa shafi goma-goma. In ya sake tsayawa a wuri ɗaya, to shafin ne. Idan da Adobe Reader kike buɗewa, a tagar Print ki shiga Advanced ki sa alama a Print As Image. Ko ki rage ingancin zuwa 300 dpi, rubutun furojet ba ya buƙatar fiye da haka.

Ummu_Sultan:
Ni abin da ya taɓa yi min aiki, na buɗe PDF ɗin a Chrome maimakon Adobe, ya fita lafiya lau. Wata rana kuma akasin haka. Ban san dalili ba, amma ki gwada.

Injiniya_Bala:
Maganar Abu_Hanif tana kan hanya, amma ni kalma ɗaya ta tsaya min a rai: "a kan inji muke". Hajiya wane irin inji ne, kuma me da me ke kansa?

Maman_Ilham:
Ƙaramin nan ne. Fanka biyu, laftof, firinta, sai injin fotokwafi in za a yi amfani da shi.

Injiniya_Bala:
To ki lura da fankar lokacin da firintar ta fara aiki. In kin ga ta rage gudu ko kin ji muryar injin ta canza, wutar ce ba ta isa. A cikin firintar laser akwai wani sashe da ake kira fuser, shi ke narkar da hodar tona ta manne a takarda, zafinsa na kaiwa kusan digiri 200. Duk lokacin da zai ɗau zafi, fizgar wuta yake yi da ƙarfi. Idan wutar ta faɗi na ɗan lokaci, firintar na iya katsewa daga USB ta dawo, ke ba ki ma lura ba, amma aikin da ke tafiya ya riga ya yanke. In kin ji ƙarar nan da Windows ke yi idan an cire filashi, to shi ne. Kada ki haɗa ta da fotokwafi a lokaci ɗaya, shi ma fuser gare shi. Kuma don masu karatu: ba a sa firintar laser a ƙaramin UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, masu ƙera UPS ɗin da kansu suna hanawa.

Sadauki_99:
Ni fa shi ya sa na koma inkjet mai tanki, firinta mai aiki da tawadar ruwa. Ko da sola tana aiki.

Kawu_Tanko:
Ka koma inkjet, sai ka yi sati ba ka buga ba hunturu ya busar maka da kan da ke fesa tawadar, ka zo nan kana tambayar yadda ake wanke shi. Kuma ka ba ɗalibi furojet da tawadar ruwa a damina ka ga yadda za ku ƙare.

Sadauki_99:
Kawu ai kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hafsat_Admin_Office:
Tunda ana maganar, bari in kawo tawa, ko da yake ta ofis ce ba ta shago ba. Firintarmu a kan netwok take, mu shida muke amfani da ita. Duk ranar da aka kashe rauta aka kunna, sai takardun kowa su taru a layi, a rubuta Offline, alhali ga ta nan a kunne tana kallonmu. Share layin ba ya komai.

Abu_Hanif:
@Hafsat_Admin_Office taku ba irin ta Maman Ilham ba ce. Rauta ce ke raba wa na'urori lambar IP, kuma idan ta tashi tana iya ba firintar sabuwar lamba, su kuwa kwamfutocinku tsohuwar suke nema. Ki fitar da shafin Network Configuration daga jikin firintar ki ga lambar da take kai yanzu. Sai ki shiga Printer properties, shafin Ports, Configure Port, ki gwada da wadda ke can. In sun bambanta, kin gano. Maganin dindindin shi ne a ba firintar lambar da ba ta canzawa, ko daga jikinta ko a cikin rautar. A wannan tagar dai akwai SNMP Status Enabled, wani lokacin cire alamar da ke kansa na hana Windows ɗaukar firinta mai rai a matsayin Offline. In kuma kin ga port ɗin da WSD ya fara, ni dai na fi son a cire a sa Standard TCP/IP Port, ya fi zama lafiya.

Hafsat_Admin_Office:
Lambobin sun bambanta kuwa. Ɗaya 104 ɗaya 101 a ƙarshe. Na gode Malam, zan nuna wa mai kula mana da netwok.

Mai_Gyara_Zariya:
Irin wannan na faruwa a USB ma. Hajiya Maman Ilham, ɗazu da kika cire kebul, ramin da kika cire shi kika mayar ko wani? Idan aka canza rami, Windows kan ƙirƙiro wata firintar ta biyu mai suna iri ɗaya da Copy 1 a ƙarshe. Ta farko tana kan USB001, sabuwar tana kan USB002. Ke kina ta turawa tsohuwar, ita kuwa babu kowa a gidan. Ki shiga Printers & scanners ki ga ko sun zama biyu.

Maman_Ilham:
Guda ɗaya ce. Amma kebul ɗin dogo ne, na yi masa ƙari saboda firintar tana bayan kantar shago.

Mai_Gyara_Zariya:
Ƙari? To ni a nan zan sa kuɗina. USB 2.0 iyakarsa mita biyar, kuma wannan ga kebul mai kyau ke nan, ba irin na bakin titi ba. Silif mai shafi ɗaya zai wuce, amma aiki mai nauyi sai ya yanke a hanya. Ki matso da laftof ɗin ki haɗa da gajeren kebul kai tsaye.

Malam_Ubuntu:
Duk wannan wahalar Windows ce. Ku dawo Linux ku huta. Mu CUPS muke amfani da ita a madadin Spooler, wadda ke cikin Mac ma. lpstat -o ya nuna maka layi, cancel -a ya share shi, ko ka buɗe burauza ka rubuta localhost:631 ka ga komai.

Abu_Hanif:
Malam a faɗi gaskiya duka. CUPS ma idan aiki ya samu matsala takan dakatar da firintar gaba ɗaya, sai ka bi ta da cupsenable kafin ta ci gaba. Kuma ka gaya wa mai shagon da ke aiki da CorelDraw da Word daga safe zuwa dare ta koma Ubuntu? A nemo mata direban firintarta tukuna.

Malam_Ubuntu:
Na yarda da ta CorelDraw. Amma dai ku tuna tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari. Kuma ita wannan Spooler ɗin da kuke ta tayarwa, ita ce aka samu ɓarakar tsaro mai suna PrintNightmare a cikinta a 2021.

Injiniya_Bala:
Gaskiya ne, kuma gyaran da aka fitar a shekarar ya zo da nasa ciwon kan. Masu raba firinta ɗaya tsakanin kwamfutoci da yawa za su tuna saƙon kuskuren nan 0x0000011b. Amma wannan bai shafi Hajiya ba, tata USB ce, kwamfuta ɗaya. Kada mu rikita ta.

Ummu_Sultan:
Wani abu da ba a ambata ba: girman takarda. Yawancin Word ɗin da ake sa mana a kan Letter yake zuwa, na Amurka, mu kuwa A4 muke sayowa. A4 ta fi tsawo, 297 mm, Letter kuma 279 mm. Wasu firintocin in aikin ya ce Letter alhali an saita tire a kan A4, tsayawa suke yi suna ƙifta fitila har sai an danna maɓallin ci gaba. A kwamfuta kuwa Printing kawai za ki gani. Tunda ta ce fitila na ƙiftawa, a duba wannan ma. Ɗalibai kan haɗa furojet daga fayiloli daban-daban, babi na ɗaya A4, babi na biyu Letter.

Abu_Hanif:
Wannan magana ce. Hajiya fitilar wace kala ce, kore ko ruwan lemo? Kore mai ƙiftawa yawanci tana karɓar aiki ne. Ruwan lemo kuwa tana neman a zo a duba ta: takarda ta ƙare, ko ta cije, ko murfi bai rufu ba.

Maman_Ilham:
Kore ce ɗazu. Ga abin da na yi. Na share layi da fayil ɗin Dan_Zinder, Allah ya biya shi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na cire ƙarin kebul ɗin na ɗora laftof a kan kantar shago kusa da firintar. Na kashe fotokwafi. Na tura daga shafi na 12 zuwa 20 da Print As Image. Ya ɗan jima yana tunani, sannan suka fito duka. Shafi na 12 da na 13 taswira ce mai kala da hotunan da aka ɗauka da waya, kamar yadda Abu_Hanif ya faɗa. Yanzu na kai shafi na 60.

Abu_Hanif:
Ma sha Allah. Na ce fayil ɗin ne.

Mai_Gyara_Zariya:
Wane fayil? Ta cire ƙarin kebul fa.

Injiniya_Bala:
Ta kuma kashe fotokwafi. Abu uku ta canza a lokaci ɗaya, babu wanda zai ci gari a cikinmu. Hajiya, in kin samu sarari bayan kin sallami mutane, ki mayar da dogon kebul ɗin ki sake tura shafi 12 zuwa 20 ɗin nan, sauran abubuwan ki bar su yadda suke. In ya tsaya, Mai_Gyara ya yi gaskiya.

Kawu_Tanko:
Ta bar abin da ke aiki ya yi aiki. Ku kuna son ta ɓata takarda da tona don ku raba gardama. Kun san nawa rim yake yanzu?

Dan_Zinder:
Wani gargaɗi game da fayil ɗin da na bayar: duk abin da ke layi yake sharewa, na kowace firinta da ke kan kwamfutar, ba wanda ya maƙale kaɗai ba. In akwai aikin da ba a adana ba, misali silif ɗin da aka turo daga shafin intanet aka rufe shafin, sai an sake shiga. A duba kafin a danna.

Baffa_Gombe:
Salamu alaikum, na zo a makare. Ni tawa ta ɗan bambanta. Ina danna Start a kan Print Spooler sai ta tashi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta sake mutuwa da kanta. Foldar PRINTERS kuma babu komai a ciki, na duba. Windows 11 ce, kuma abin ya fara ne bayan na sa wata tsohuwar firinta da faifan CD ɗinta.

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Baffa. Taka direba ce, tsohon da ke kan faifan ne ke kayar da Spooler. Cire kebul ɗin tsohuwar firintar tukuna. Ka tayar da Spooler, ka yi sauri ka danna Windows da R ka rubuta printui /s /t2, zai buɗe maka jerin direbobin da ke kan kwamfutar. Ka zaɓi nata ka danna Remove, ka zaɓi wanda ke cire direba da package ɗinsa duka. In ya ce ana amfani da shi, sai ka fara cire firintar daga Printers & scanners, ka sake tayar da Spooler, ka maimaita. Sabon direban kuma daga shafin kamfanin da ya ƙera ta za ka ɗauko. Faɗa min, 64-bit ce kwamfutar, kuma shekarar nawa aka rubuta a jikin faifan?

Baffa_Gombe:
64-bit ce. Faifan yana shago, gobe in Allah ya kai mu zan duba in faɗa maka.